Ɗigo a Wayar Yaya

Ranar da Malama ta gane motarta tana kai rahotonta, daga makaranta ta taso, ta tsaya a layin masu takalma don ta saya wa 'yarta Tsigi na makaranta. Tana durƙushe tana gwada ƙafar yarinyar wayarta ta yi ƙara. Yaya ne, wan mijinta marigayi.

"Malama, lafiya na ga kin tsaya a kasuwa? Ko motar ce ta ba ki matsala?"

Ta ɗaga kai ta duba dama da hagu, ta duba tsallaken titi. Ba ta ga kowa ba sai masu turin baro.

"Yaya, kana nan kusa ne?"

Ya yi dariya. "Ina ofis, ƙafata a kan tebur. A waya nake ganinki. Kin manta ni na yi wa motar rajista? Mijinki, Allah ya ji ƙansa, ko hoto zai tura sai ya kira ni in nuna masa inda zai danna. Ga ki nan, ɗan ɗigo shuɗi. Har man da ya rage miki ina gani. Ki sha mai kafin ki kai gida."

Ta ce to, har da godiya, don ba ta san abin da za ta ce ba. Tsigi na ta jan gyalenta tana cewa takalmin ya matse ta, amma ba ta ji ba. Sai da suka isa gida ta ga ashe ba ya shiga ƙafar yarinyar.

Gaskiya Yaya ya faɗa. Ranar da aka sayi motar tare suka je da ƙaninsa. Mai sayarwa ya nemi lambar wayar da za a haɗa da motar, marigayi ya ce shi ba ya son ɗawainiya, a sa ta yayansa. Da ya rasu aka raba gado, motar ta faɗo a kason matarsa da 'yarsa. Aka miƙa mata makullai da takardu. Babu wanda ya tuna da wayar, ko kuma wanda ya tuna ya yi shiru.

Ranar Malama ba ta iya cin abinci ba, saboda ta tuna da Talata.

Duk Talata, in ta tashi daga aiki ta bar Tsigi wurin maƙwabciya, asibitin ƙwaƙwalwa take zuwa. Tun bayan rasuwar barci ya ƙaurace mata. Wata safiya ta tsinci kanta tsaye a gaban allo, alli a hannu, yara sun yi tsit suna kallonta, ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba. Wata abokiyar aikinta ta ja ta gefe ta yi mata kwatancen wata likita. Likitar ta ce ciwon damuwa ne, ana warkewa, ta ɗora ta a kan magani, ta ce ta riƙa zuwa suna magana. Sauƙi kuma ya fara samuwa. Ta koma cin abinci a zaune, ta koma jin abin da Tsigi ke gaya mata.

Sai dai ƙofar asibitin tana kallon babban titi, motar marigayi kuwa babu wanda bai san ta ba a dangi. Don haka Malama ta yi dabara. A tsallaken asibitin akwai wani otal mai fili a bayansa. Nan take shigar da motar, ta ba mai gadi ɗan abin shan ruwa, ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta tsallaka da ƙafa. Idon mutane take gudu, kuma ta tsere masa. Watanni ke nan motar tana shafe la'asar ɗin kowace Talata a bayan otal.

Talatar da ta biyo baya ta bar motar a gida ta shiga bas. Washegari Yaya ya zo da ledar biskit. Ya zauna a falo a kujerar ƙaninsa, ya ɗora Tsigi a cinya yana tambayarta karatu, yana tsokanarta wai har yanzu ba ta fi tsuntsun da aka sa mata sunansa girma ba. Da zai tafi Malama ta rako shi bakin ƙofa. Ya sunkuya yana sa takalmi, bai dube ta ba ya ce:

"Jiya ba ki je otal ba."

Ta dafa bango.

"Yaya, ba abin da kake zato ba ne."

"Na ce miki ina zaton wani abu ne? Abin da na gani na faɗa. Mota ba ta ƙarya, Malama. Ba ta da masoyi, ba ta da maƙiyi." Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Ke yarinya ce, na sani. In aure kike so ki faɗa, mu da kanmu za mu tsaya miki. Amma 'yar ƙanina ba za ta tashi a gidan da uwa take..." Bai ƙarasa ba. Ya ɗaga wa Tsigi hannu ya tafi.

Amsar tana bakinta, ba ta da tsawo. Amma ta san gidan da ta yi aure a ciki. Suna da wata gwaggo da ta taɓa kwanciya a wannan asibitin tun Yaya yana goye. Har matar ta koma ga Allah ba a sake ba ta jariri ta riƙe ba, kuma har yau in zancenta ya taso sai wani ya taɓa gefen kansa da yatsa. In Malama ta yi shiru, mai bin maza ce, a karɓe Tsigi. In ta yi magana, mahaukaciya ce, a karɓe Tsigi. Ta zauna a ƙasa a bayan ƙofa tana juya abin, ta rasa ta inda za ta ɓulle. Abu ɗaya ta iya yankewa: a fara rufe idon nan da ke cikin motar tukuna.

Ta nemi izini wurin shugabar makaranta ta tafi kamfanin da aka sayi motar. Wuri ne mai sanyi, ƙasa na ƙyalli, an jera sababbin motoci kujerunsu cikin leda. Ma'aikacin da ke karɓar koke ya ba ta kujera da ruwan roba, ya saurare ta har ta gama, sannan ya danna kwamfuta.

"Eh, ga ta nan. A takarda motar taki ce, Hajiya, amma manhajar da ke haɗe da ita da sunan wani aka buɗe ta. Shi ne zai cire kansa."

"Ba zai cire ba. Shi ya sa na zo."

"To sai ki kawo shaidar rasuwa da takardar rabon gado daga kotu, mu tura babban ofis. Su ke da iko, mu nan sayarwa kawai muke yi. Za su tuntuɓi mai manhajar su ji ta bakinsa."

"Za su gaya masa ni na nema?"

"Dole ne. Haƙƙinsa ne ya sani. Muna kare sirrin abokan cinikinmu ƙwarai."

Ta dube shi, ta ga ba ba'a yake yi mata ba.

"To nawa sirrin fa?"

"Ai ke ba kya cikin manhajar, Hajiya."

"Ni ce a cikin motar."

Ya yi murmushin da aka koya masa, ya ce ya fahimce ta sosai. Ta tambaye shi ko me da me mai manhajar ke gani. Ya ce ba zai iya buɗe mata bayanan wani ba, amma a dunƙule dai yana ganin inda motar ta je, da inda ta tsaya, da daɗewar da ta yi, har na watannin baya. Ta ce ko ana iya gogewa. Ya ce ana iyawa mana, mai manhaja na iya gogewa duk lokacin da ya ga dama.

Ba ta kai ga tayar da motar a ƙofar kamfanin ba saƙon Yaya ya shigo. "Me kike yi a kamfani? In gyara ne ai da kin gaya mini, ina da mutum a can."

Daga nan ta wuce garejin bakaniken da ke duba wa marigayi motar, wani dattijo mai ƙaton ciki da ba ya rabo da tsumma a kafaɗa. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya haska da fitilar waya, ya fito yana girgiza kai.

"Uwar gida, in tari take yi ko zazzaɓi, ina da maganinta. Wannan kuwa gulma take yi, ni ban koyi maganin gulma ba. Akwatin yana can ciki, an haɗa shi da abin da ke tayar da inji. In na tsinke waya ɗaya, wataƙila ta ƙi tashi gaba ɗaya. Kuma ina tsinkewa yayan naku zai gani a can."

"Ko nawa ne zan biya, Baba."

"Ba maganar biya ba ce." Ya goge hannu, ya kau da kai. "Motocin yayan naku biyu ni ke gyara su. Kin ga ni ba na son shiga faɗan cikin gida. Me zai hana ki sayar da ita ki huta?"

Ta riga ta yi wannan tunanin. Motar da kason Tsigi a ciki, Yaya kuwa shi aka ɗora a kan dukiyar marainiya. Ba a sayarwa sai ya sa hannu.

Saura Inna, uwar mijinta. Ta same ta a ɗaki ta miƙe ƙafafu a kan darduma tana shafa man zafi a gwiwa. Malama ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi man ta ci gaba da shafa mata, sannan ta ce:

"Inna, alfarma na zo nema. Ku yi wa Yaya magana ya cire motar nan daga wayarsa. Ko kantin ƙofar gida na tsaya sai ya kira."

"To laifi ne? Ni da zai sa mini irinta a jiki ai da na gode, in na faɗi a bayi a san inda nake. Mace ke kaɗai a titi da yarinya, taya ta fashe, wa zai san halin da kike ciki? Amana ƙaninsa ya bar masa."

"Ba ya bari in numfasa, Inna."

"Wadda ba ta da abin ɓoyewa, me zai hana ta numfashi?" Inna ta janye ƙafarta a hankali. "Ya nuna mini. Ni ban iya karanta taswira ba, amma na iya karanta fuska. Kin rame, idonki ya faɗa, ana yi miki magana hankalinki na wani wuri. Ba yau na fara lura ba. Ɗana ko shekara biyu bai yi a ƙasa ba."

Malama ta buɗe baki, ta ga hoton gwaggon nan a bango cikin hotunan dangi, an sa shi can ƙarshe kusa da labule. Ta rufe bakinta. Ta rufe kwalbar man ta ajiye.

Daga nan kwanakin suka fara lalacewa. Yaya ya mai da Talata ranar ziyara. Da la'asar zai zo ganin Tsigi, in bai tarar da uwarta ba ya zauna a mota a ƙofar gida har ta dawo, maƙwabta na leƙe. Ta fasa zuwa asibiti sau ɗaya, ta sake fasawa, magani ya ƙare. Barcin da ya fara dawowa ya sake tafiya. Da safe sai ta tashi kanta kamar an ɗora masa dutse, ta sa wa Tsigi riga a baibai, yarinyar na dariya tana cewa Mama ba ta iya ba.

Hoton taswirar ya shiga zauren dangi na waya. Ba Yaya ne ya sa ba, in ji shi. Ƙanwarsu kawai ya tura wa don neman shawara. Daga can ya kai wurin wata da ɗanta ke ajin Malama, daga can ya kai teburin shugabar makaranta. Shugabar ta kira ta ofis ta rufe ƙofa, ta ce ita ba ta shiga rayuwar kowa, amma iyaye na magana, makaranta kuwa da suna take ci.

Wata rana ana tsakiyar darasi motar ta kama ihu a harabar makaranta, ham na tashi, fitilu na walƙiya, babu kowa a ciki. Yara suka yi taga suna shewa. Malama ta fita da gudu tana danna makulli, makullin ya faɗi ƙarƙashin motar, ta durƙusa a gaban dukan makaranta tana lalube. Da yamma Yaya ya ce ta yi haƙuri, waya ce a aljihu, hannunsa ya taɓa. Sannan ya ƙara da cewa:

"Af, na ga kwanan nan kina taka birki da ƙarfi. Jiya ma kin yi, a mararrabar gidan mai. Da yarinya a mota, Malama."

Ta fara tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a tire. Na baya na danna mata ham suna zaginta. In ta ga rami sai gabanta ya faɗi, don ba ta san yadda zai bayyana a can ba. Tsigi ta daina waƙa a kujerar baya saboda uwarta ta fara yi mata tsawa.

Aka kira zama ranar Asabar da hantsi a falon Inna. Akwai Yaya da matarsa, wadda Malama ke kira Anti, akwai kuma kawun Malama da aka ɗauko don kada a ce an yi ba da nata ba. Aka tura Tsigi tsakar gida wasa da 'ya'yan Yaya, maza uku. Yaya ya yi doguwar shimfiɗa a kan zumunci da haƙƙin maraya, sannan ya miƙa wa Kawu wayar. Kawu ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau, bai ɗago ba.

"Ba mu tara ku don mu tozarta kowa ba," in ji Yaya. "Mun yanke shawarar yarinya ta dawo wurina. Ita kuma Malama ta yi rayuwarta yadda take so."

Malama ta ji muryar Tsigi daga waje tana cewa ita ce mai tsaron gida, a buga mata ƙwallon. Ta buɗe jaka ta ciro fankon maganinta ta ajiye a tsakiyar darduma.

"Asibitin da ke tsallaken otal ɗin nake zuwa. Na ƙwaƙwalwa. Tun rasuwar babanta ba na barci. Ina ajiye motar a can ne don kada wani ya gan ta a ƙofar asibitin. Ban taɓa taka cikin otal ɗin ba, ku je ku tambayi mai gadi."

Anti ta ɗauki fankon da yatsu biyu ta juya shi ta ajiye. Inna ta kai hannu baki.

Yaya ne ya fara magana, muryarsa ta yi laushi. "Alhamdu lillahi. Wallahi kin sauke mini dutse daga ƙirji. Ki yafe mini zargin da na yi miki, a gaban kowa na roƙe ki." Ya numfasa. "Amma kin ga yanzu maganar ta fi da girma."

"Likita ta ce ina samun sauƙi. Ta ce ba abin da zai hana ni riƙon 'yata."

"Yaushe rabonki da likitar?"

Bai jira amsa ba, ya nuna fankon.

"Fankon nan babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Tun yaushe ya ƙare?"

"Kai ne kake zuwa duk Talata, Yaya. Ta ina zan fita?"

"Kun ji ko? Ni ne kuma na hana ta shan magani." Ya dubi Kawu yana murmushin tausayi. "Kawu, don Allah, mai cikakken hankali za ta kai motarta otal don za ta je asibiti? Ta gwammace a ce mata abin da aka ce mata? Ga birki, ga ranar da ta yi rarrafe a gaban ɗalibai. Ni ban ce komai ba. Amma in wani abu ya sami yarinyar nan, me zan gaya wa ƙanina ranar da muka haɗu?"

Anti ta matso ta dafa kafaɗarta. "Ƙanwata, ba ƙwace za a yi ba. Hutu za ki yi. Ni dama ba ni da mace, zan riƙe ta kamar ni na haife ta. Kina warkewa ki zo ki ɗauki abarki."

"Wa zai ce na warke?"

"Ai za mu gani," in ji Yaya.

Ta juya wurin kawunta. Kawu ya ninke tabarau ya sa a aljihu, ya ce su dangin uba suna da nasu haƙƙin, kuma mutanen nan da alheri suka zo, ta yi haƙuri ta nemi lafiya tukuna. Inna na share hawaye da gefen mayafi tana cewa da ta sani da ba ta yi mata faɗa ba, ashe lalura ce, Allah sarki, Allah ya sa ba irin ta gwaggo ba ce.

Da kanta ta haɗa kayan Tsigi da yammacin ranar. Yarinyar na tsalle a kan gado, ta ɗauka hutu za ta je. Ta tambaya ko za a sa mata 'yar tsanarta, ta tambaya ko Mama za ta zo gobe. Malama ta ce za ta zo. Da motar Yaya ta juya kwana, ta koma ciki ta zauna a gefen gadon, zanen ya yamutse inda yarinyar ta yi tsalle, ta kasa gyara shi.

Washegari ta je, mai gadin gidan Yaya ya ce yanzun nan suka fita. Ta sake komawa ranar Laraba, ya ce wallahi da ta yi sauri kaɗan da ta tarar da su. A zuwa na gaba ta tsaya a ƙofar tana kallon sawun taya sabo a kan yashi, sannan ta juya ta kalli tata motar. Tun tana fitowa daga layinsu ɗigon ke sanar da zuwanta.

Ta kira shi. Bai musa ba.

"Duk ranar da ta ji muryarki a waya sai ta wuni tana kuka ta ƙi cin abinci. In ta gan ki kuma fa? Ki bar ta ta saba, Malama. Don ita nake yi, ba don kaina ba. Mun ma canza mata makaranta, ta kusa da mu, ta fi waccan kyau."

Ta koma gida ta lulluɓe motar da tampol, ta ɗora duwatsu a gefuna, ta jefa makullan cikin durowa. Ta koma shiga bas zuwa aiki, ta koma wurin likita ta ƙofar gaba, fuska a buɗe, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Likitar ta sake ɗora ta a kan magani, ta ce a shirye take ta yi wa dangin bayani da bakinta. Yaya ya ce yana girmama likitoci, amma likita ba ta kwana gida ɗaya da ita.

In ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambaya, babu wanda zai ce ya cuci Malama. Ma'aikacin kamfani ƙa'ida ya bi. Bakanike abincinsa ya kare. Kawu zaman lafiya ya nema. Inna har yanzu tana sa ta a addu'a. Yaya kuwa ya yarda har cikin ransa cewa amana yake riƙo, kuma wannan ya fi komai wuyar magani, don mugun da ya san shi mugu ne wata rana yana iya jin kunya. Ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba wanda ya zage ta. An dai ba wani mutum ikon ganin duk inda ta sa ƙafa, ba a tambaye ta ba, kuma babu ofishin da za ta je a karɓe wannan ikon.

Sai da ta sha tambaya kafin ta gano sabuwar makarantar. Ta je ranar Alhamis lokacin hutun tara, bayan ta roƙi wata malama ta riƙe mata aji. Ta sauka daga bas nesa kaɗan, ta zaga ta baya inda katangar ke da ƙarafa. Yara sun cika fili. Ta daɗe tana dubawa kafin ta hango ta, zaune a kan dakalin aji ita kaɗai, rigar ta yi mata yawa, ta buɗe kwanon abinci a cinya tana kallon masu wasa. Malama ta kama ƙarfen katangar. Ba ta kira ta ba. Ta san in yarinyar ta gan ta za ta rugo, za ta yi kuka, kafin la'asar labari ya kai gida.

Wayarta ta yi ƙara a jaka.

"Malama, ya jiki?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Anya kuwa? Kwana da kwanaki ke nan motar nan ba ta motsa daga ƙofar gida ba. Ba makaranta, ba asibiti, ba ko kasuwa. Na nuna wa Inna, hankalinta ya tashi. Ta ce haka gwaggo ta fara, ta shige ɗaki ta daina fita."

"Ina fita. Bas nake shiga."

"Da mota a ƙofar gida kike shiga bas?" Ya faɗa da muryar wanda ya ji abin da ya tabbatar masa da zatonsa. "To. Dama mun yi magana za a kawo miki ita ƙarshen wata ta kwana biyu, amma a wannan halin gara a dakata. Sai mun ga kin dawo daidai. Yanzu kina ina? Ina jin hayaniya."

A cikin fili an kaɗa ƙararrawa. Tsigi ta rufe kwanon ba ta ci ba, ta miƙe ta bi layi. In Malama ta faɗi inda take, gobe za a ce an kama ta tana laɓe a bayan makarantar yara, a sa mai gadi ya riƙa korarta. Ta toshe bakin wayar da tafin hannu har ƙararrawar ta yi shiru, idonta a kan ƙofar ajin da yarinyar ta shige.

"Ina gida, Yaya," ta ce. "Rediyo ne."

"Yawwa. To ki kwanta ki huta."